Ranar da Na Durƙusa wa Jirgin Surukina

Ba zan taɓa mantawa da ranar da na durƙusa wa jirgin sama ba. Durƙuso na gaske nake nufi, gwiwa a ƙasa, takalmi a gefe, alhali jirgin yana can sama bai ma san ina yi ba. Da a rashin sanin nan aka tsaya, da da sauƙi. Bakina ne ya je ya tona mini asiri, kuma duk mai rediyon jirgi a kunne a sararin Damagaram ranar ya ji da kunnensa.

Bari in ɗauko muku daga tushe. Ni ɗan ƙauyen Dogo ne, a gidanmu gero da gyaɗa muka sani. Allah ya ba ni kan karatu, na yi lakwal, wato makarantar boko, har Yamai, na koyo aikin kula da zirga-zirgar jiragen sama, aka turo ni gida in yi sitaj, wato gwajin aiki, a hasumiyar filin jirgi. (Innata har gobe in an tambaye ta aikina, cewa take yi ina tuƙa jirgi daga ƙasa. Na gaji da gyara mata, na bar ta a haka.) Ɗan sitaj ba ya zama shi kaɗai a hasumiya. Kullum akwai babba a bayansa yana sauraren duk abin da ya faɗa, har ranar da za a yi masa jarrabawa a sallame shi. Tawa babbar ita ce Madam Zara, shef ɗinmu, wato shugabar hasumiyar, mace mai ƙarancin magana wadda in ta ce maka "to", sai ka kwana kana tunanin wane irin "to" ne.

Dole in ɗan yi muku karatu kafin mu je ga abin kunyar, in ba haka ba ba za ku gane girman wautata ba. Saman nan da kuke gani fayau ba a sake yake ba. An yanka shi kamar gonaki, kowane yanki da harafinsa, daga A zuwa G. Can ƙololuwa inda manyan jirage ke ratsawa, ba mai motsi sai da izini. Ƙasa-ƙasa kuwa a kan ƙauyuka, wannan G ne, daji ke nan. A can matuƙi shi ne sarkin kansa, da idonsa yake tafiya. In ya kira mu, labari kawai muke ba shi: ga iska, ga yanayin gari, ga wani jirgi da muka san yana kusa. Ya ɗauka ko ya bari, ruwansa. Amma kewaye da filin jirgi an zana wata da'ira a taswira, tamu harafinta D. Ita kamar gidan mutum take, sai ka yi sallama a bakin ƙofa ka tsaya, sai an ce ka shigo. A cikinta abin da hasumiya ta faɗa umarni ne, matuƙi ya maimaita shi a rediyo sannan ya bi, ko da kuwa ya haifi mai maganar. Wannan karatun na haddace shi kamar sunana, a lakwal ma ni ke yi wa abokaina bita.

To a lokacin ina neman Falmata. Ƴar unguwar Birni ce, gidansu asalin Barno, kuma ina son ta son da ya sa na rame har abokan aiki suka fara tambayata ko shawara ce ta kama ni. Mahaifinta Kwamanda Ari tsohon matuƙin jirgin soja ne. Bayan ya ajiye kaki bai iya zaman gida ba, sai ya koma tuƙa wani ɗan ƙaramin jirgi mai feshin maganin fara a gonaki in damina ta ja. Da kawunaina suka je masa da maganar aure, ya karɓe su da mutunci, ya ce yaron ya yi masa, amma shi ba ya sa ranar ƴarsa da ɗan sitaj. In na ci jarrabawa aka bar mini hasumiya ni kaɗai, a dawo a sa rana. Kun ga ke nan aurena gaba ɗaya yana rataye a wuyan jarrabawar nan.

Abin da ban faɗa muku ba shi ne irin kunyar suruki da aka raine ni da ita. A wajenmu in ka hango surukinka a hanya, gona kake faɗawa. Ba ka kama sunansa, ba ka ci a gabansa, ba ka haɗa ido da shi, balle ka ce masa yi kaza. Kawuna Idi ya taɓa sauka daga motar kasuwa a tsakiyar hanya ya ƙarasa Mirya da ƙafa, don kawai surukinsa ya shigo motar, kuma har yau a gidanmu ana ba da labarin a matsayin abin yabo. Ni kuwa tun da na fara zuwa wurin Falmata ban taɓa yi wa Kwamanda magana baki da baki ba. In na ji gyaran muryarsa a zaure, sai in tsinci kaina a bayan masallacin unguwa ina duba waya.

Da lokacin feshi ya zo, jirginsa ya dawo tashi daga filinmu, sai na shiga dabara. Duk safiyar da na ga sunan jirgin a tsarin tashi, sai in roƙi wani abokin aiki mu yi musayar lokaci. Yau ciwon kai, gobe suna a Kara-Kara, jibi babur ya ƙi tashi. (Sunayen da na halarta a bakina a watan nan, da gaske ne da unguwar ta cika da jarirai.) Dabarar ta yi ta ci, har na fara ganin kaina mai wayo. Na manta ranar wanka ba a ɓoyon cibi.

Ranar jarrabawa na duba tsari tun da sassafe, na ga Kwamanda ya riga ya tashi kafin in karɓi aiki, zai yi feshi wajen Dogo, ba zai dawo ba sai bayan na sauka. Na yi hamdala. Na zauna, na sa abin sauraro a kunne, Madam Zara ta ja kujera bayana. Komai ya tafi sumul. Wani jirgin fasinja daga Yamai ya kira, na ba shi abin da ya kamata cikin Faransanci tsaf, na ba shi izinin gangarowa. Har na ji shef ta yi ɗan gyaran murya irin na wanda abu ya yi wa daɗi. A raina na fara lissafin kalar shaddar da zan ɗinka.

Ana cikin haka rediyo ya yi ƙara, wata murya mai kauri ta faɗi haruffan jirginta. Wallahi tun kafin ya gama na gane gyaran muryar zauren nan. Ashe maganin feshi ne ya ƙare masa da wuri, ya juyo ya ƙara lodi.

Ban rikice nan take ba, don a lokacin yana can kan gonakin Dogo, cikin G. Labari kawai zan ba shi, kuma ba suruki labari ba rashin kunya ba ne. Faɗuwa ta zo daidai da zama. Na faɗa masa iska da yanayin gari, na ce akwai jirgin fasinja yana gangarowa. Ya ce ya ji. Abin da ban lura ba shi ne, ina maganar nan na riga na miƙe tsaye daga kujera, hannuna ɗaya a ƙirji. Madam Zara ta dube ni.

Ba a jima ba ya sake kira. Ya iso bakin da'ira, yana neman izinin shiga ya sauka. Jirgin fasinja kuwa ya riga ya miƙo hanyar sauka, shi ne a gaba. Amsar ba ta da wuya, ɗan shekarar farko a lakwal ya san ta: kar ka shigo, zagaya inda kake, zan kira ka. Magana ce ta numfashi ɗaya.

Na buɗe baki, sai na ji kamar duk dattawan Dogo sun tsaya a kaina suna kallo. Ni ɗan gidan wane, in ce wa mahaifin Falmata kar ya shigo? In ce masa ya tsaya a waje ya yi ta zagaye sai na kira shi? Ban san lokacin da ƙafata ta zare takalmi ba. Ban san lokacin da gwiwata ta kai ƙasa ba, igiyar abin sauraro tana ja mini wuya. Na danna maɓallin magana, Faransancin da na sha wahalar koyo ya gudu ya bar ni, na ji bakina yana cewa da Hausa:

"Wushe Baba, barka da hantsi. Ina gajiya? Ya aka ji da aiki? Wato dama, akwai wani baƙo ne a kan hanya. In da hali, in ba a takura ba, da an ɗan yi haƙuri kaɗan."

(Wushen nan ita ce gaisuwar Barebari guda ɗaya da na koya don in burge dangin Falmata. Na adana ta wata da watanni, ban tashi kashe ta ba sai a rediyon jirage.)

Sai muryar Kwamanda ta dawo cikin Faransanci, a natse, ba fushi ba dariya:

"Hasumiya, ban gane ba. Wannan izini ne, ko hani ne, ko labari?"

Nan ne Allah ya ba ni ƙofar gyara, nan ne kuma na rufe ta da hannuna. Na ƙara sunkuyar da kai, na ce:

"Yadda Baba ya ga ya dace."

Kafin in rufe baki Madam Zara ta miƙo hannu ta saman kaina ta ɗauki nata abin maganar. Cikin numfashi ɗaya ta ce masa kar ya shigo, ya zagaya inda yake, shi ne na biyu bayan jirgin fasinja. Kwamanda ya maimaita kalma bayan kalma kamar ɗalibi a gaban malami, ya karkata ya fara zagaye. Ba a shiga wani haɗari ba, akwai tazara sosai tsakanin jiragen, kuma dama don irin wannan ake ajiye babba a bayan ɗan sitaj. Jirgin fasinja ya sauka lafiya. Matuƙinsa, wanda ashe Bahaushe ne, yana juyawa zuwa wurin tsayawa ya danna rediyo ya ce, "Hasumiya, mun gode. A gaida Baba."

Ni kuwa ina nan a durƙushe. Madam Zara ta leƙo ni ta ce, "Malam, daga nan ƙasa kana hango titin jirgin?" Na ɗaga kai, ba abin da nake gani sai ƙafar tebur da wayoyi. An gina hasumiya da tsawo, an zagaye ta da gilashi don mutum ya ga ko'ina, ni na zo na nemi wuri ɗaya tilo da ba a ganin komai na zauna. Na so ƙasa ta tsage in shige, sai dai a hasumiya ƙasar ma nisa gare ta.

Ba sai na ce muku na faɗi jarrabawa ba. Abin da ya fi faɗuwar ciwo shi ne, duk maganar da aka yi a rediyo naɗe ta ake yi. Da rana shef ta zaunar da ni a biro, wato ofishinta, ta kunna mini. Na ji muryata tana tambayar jirgi ina gajiya. Ta mayar baya ta sake kunnawa. Sannan ta tambaye ni a wane harafi ne matuƙi ke yin yadda ya ga ya dace. Na ce G. Ta ce shi kuma ina yake neman shiga? Na ce D. Ta ce, "To." Wannan "to" ɗin kam ban sha wahalar fassara shi ba.

Kafin la'asar labari ya gama filin jirgi. Ƴan kwana-kwana da ke zaune a inuwar motarsu suna hango ni suka zube ƙasa gaba ɗaya suna "wushe, wushe". Mai shayin bakin ƙofa ya miƙo mini kofi ya ce in sha in da hali, in ba a takura ba. Na kira Falmata ina neman mai lallashi, na tarar labarin ya riga ni isa. Dariya take yi har tana tari. Da ta lafa sai ta ce Baba ya ce in zo gobe bayan la'asar, shi da kansa yake son ganina. Nan dariyar ta ƙare mini. Na tabbata aure ya tashi, don wa zai ba da ƴarsa ga mutumin da ya mayar da shi abin dariya a sararin sama?

Washegari na je Birni kamar mai zuwa karɓar hukunci. Na tuɓe takalmi tun daga waje (a nan kam wurinsa ne), na durƙusa a bakin zaure. Kwamanda yana zaune a kan darduma da carbi. Ya bar ni na gama gaisuwata tsaf, ya amsa kowace ɗaya. Sannan ya ce shi ladabina bai ɓata masa rai ba, don ladabin ne ma ya sa tun farko ya amsa wa kawunaina. Sai ya ƙara da cewa:

"Amma ka saurara, yaro. In ina cikin jirgin nan ba na ganin bayana, ba na ganin abin da ke saman kaina. Kai ke gani. A daji na yarda, idona ne nawa. Amma in na zo ƙofarka na yi sallama ka ce in yi yadda na ga dama, ba girmama ni ka yi ba, yashe ni ka yi ni kaɗai. A zauren nan ni ne babanka. A cikin da'irar can kai ne nawa."

Maganar ta shige ni har ƙashi. Duk tunanina ina kare mutuncinsa ne, ashe mutumin da ya dogara da ni na saki a lokacin da yake buƙatata. Kunyar da na ji a nan ta fi ta jiya, don wannan ba ta da ban dariya. Na ce a gafarce ni. Ya ce ba laifi, amma sharaɗi ya ƙaru: cin jarrabawa kaɗai bai isa ba, sai ranar da na ba shi umarni a sama da bakina ya bi, sannan kawunaina su dawo.

Kwanakin da suka biyo baya na yi su ina atisaye. In na koma ɗakina sai in kafa hula a kan kujera in yi ta ce mata kar ta shigo. Da farko ko hular sai na ji nauyinta. Madam Zara kuma ta hana kowa yin musayar lokaci da ni, ta ce jariran Kara-Kara sun isa haka.

Da ranar sake jarrabawa ta zo, na duba tsari na ga an sa ni daidai lokacin dawowar jirgin feshi, wannan karon daga wajen Garagumsa. Ban tambayi wanda ya shirya haka ba. Ya kira daga daji, na ba shi labari ina zaune. Ya iso bakin da'ira ya nemi shiga, ga kuma wani jirgi a kan titi yana shirin tashi ta ɓangaren da zai shigo. Gwiwata ta fara neman ƙasa, hali zanen dutse. Na danne ta da hannun hagu, na danna maɓalli da na dama, na kira haruffan jirginsa na ce kar ya shigo, ya zagaya inda yake, zan kira shi.

Ya maimaita, kalma bayan kalma. Na hango ɗan jirgin can nesa ya karkata fiffike yana zagaye, saboda ni ɗan Dogo na ce ya yi. Wallahi sai da idona ya kawo ruwa. Da hanya ta buɗe na ba shi izini ya shigo ya sauka. Bai ƙara ko kalma ɗaya a rediyo ba, don shi ba ya wasa a wurin aiki. Da ya kashe inji ya fito, sai ya ɗaga kai ya dubi hasumiya, ya ɗaga hannu ya sara mini irin ta soja. Na miƙe zan rama, Madam Zara ta ce in zauna, akwai jirgi yana kira.

A makon nan kawunaina suka koma Birni aka sa rana. Ranar ɗaurin aure abokan aiki suka kawo mini gudummawa a kwali, an naɗe da takarda mai ƙyalli. Na buɗe na tarar da takalmi irin na soja, mai doguwar igiya har ƙauri, wanda kafin ka kwance shi jirgi ya sauka ya juya. Shi nake sawa zuwa aiki har yau.

Abin da na koya shi ne, kunya ma tana da iyakarta kamar sama, kuma kafin ka durƙusa ya kamata ka duba a wane harafi kake. Har yanzu in na hango Kwamanda a hanya ina canja lungu, in na shiga zaurensa gwiwata tana ƙasa, in kuma ya yi sallama a bakin da'ira sai ya jira ni. Sai dai akwai wurin da karatun bai yi mini amfani ba. A gida, duk ranar da na fara kewaye-kewaye ina cewa da an ɗan rage yaji a miya in da hali, Falmata takan ajiye ludayi ta dube ni ta ce, "Hasumiya, wannan umarni ne ko labari?"

Ni kuwa na san a sararin wa nake. Sai in ce labari ne.